ALAT BA RIBA BA NE: Yadda zanen lissafi a cikin wayarka zai nuna maka gaskiyar kiwonka



Yau mu ɗan ajiye maganar Gumboro da canjin ruwan kwami, mu taɓo wata cuta da ba a yi mata allurar rigakafi, wadda ke cinye jarin ƙaramin mai kiwo alhali kajinsa lafiya ƙalau suke. Sunanta kiwo cikin duhu. Kullum ana kwashe ƙwai, kullum alat na shigowa waya, mai gona na ganin harka na tafiya. Sai ranar da za a zuba sabbin 'yan tsaki a leƙa asusu a ga wayam. Babu wanda ya yi sata, babu annobar da ta faɗo. Asara ce ta yi wata uku tana ɗigowa kaɗan-kaɗan, kuma babu abin da ya nuna masa ita tun da sauran lokaci.

ME YA SA MAGANAR TA FI SHAFAR 'YAN ƘASAR GUMEL

Duk mai kiwo a Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar, wato ƙananan hukumomi huɗun da suka haɗa masarautar Gumel, ya san farashi a nan ba a Kano kaɗai ake yanka shi ba. Boda ma tana da bakin magana. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis kasuwar ƙasa da ƙasa ce: shanu da raƙuma da tumaki na shigowa daga Nijar, fatake na zuwa har daga kudancin Najeriya, naira da sefa na musayar hannu. Wannan matsayi ne ya sa aka kafa yankin ciniki maras shinge na kan iyaka a Maigatari a shekarar 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ƙarƙashin dokokin hukumar NEPZA, da burin a riƙa gyara kayan gona irin su riɗi da zoɓo ana fitar da su waje.

To amma zama kusa da boda yana da farashinsa. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na kan tudu, sai a Disambar 2020 aka fara buɗe guda huɗu, Maigatari na ciki. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka sake garƙame boda, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris ɗin 2024. Kowanne daga cikin waɗannan ya taɓa kuɗin masara, ko kuɗin mota, ko yawan masu saye. Wanda ya haddace farashin buhun abinci a ka yana kiwo da shi, da tsohon labari yake aiki.

GEJIN MAI A GABAN DIREBA YAKE

Ka duba motar haya da ke jigila tsakanin Gumel da Kano. Gejin mai da na zafin inji suna nan a gaban direba, inda idonsa yake dama. Da a ce sai ya tsaya wurin makaniki kafin ya san sauran mai nawa, da tuni ya kwana a daji. Abin da duniyar kasuwanci ta gano ke nan game da alƙaluma. A da, kamfani sai ya kwashe bayanansa ya kai wa ƙwararre a wata manhaja daban, a jira rahoto, rahoton ya iso bayan aikin gama ya gama. Yanzu zanen da lissafin ake dasawa a cikin manhajar da mutum ke aiki da ita kullum: mai shago ya ga kayan da suka fi fita a manhajar da yake yanka rasit, mai banki ya ga masu jinkirin biya a shafin da yake ba da bashi.

Shi zanen kansa ba sabon abu ba ne. Wani ɗan ƙasar Sikotilan, William Playfair, shi ya fara buga zanen layi da na sanduna a 1786, don nuna cinikin Ingila da sauran ƙasashe. Sabon abin shi ne kawo zanen wurin aiki, kuma manyan kamfanoni sun zuba kuɗi a kai ba na wasa ba. A 2019 Salesforce ya sayi Tableau a kan dala biliyan 15.7, Google ya sanar da sayen Looker a kan dala biliyan 2.6, shi kuwa Microsoft yana da Power BI Embedded wanda masu ƙera manhaja ke haya su dasa a cikin tasu. A nan gida ma akwai misali: Hello Tractor, da aka faro a Najeriya a 2014, na liƙa wata 'yar na'ura a jikin tarakta, mai ita na zaune da waya yana ganin inda take da yawan aikin da ta yi.

Kai mai kaji 100 ba ka buƙatar Tableau. Amma dabarar taka ce: gejin gonarka ya kasance a inda idonka yake kullum.

ABIN DA KE CIKIN WAYARKA TUN TUNI

Na farko, manhajar banki da ta POS. OPay, PalmPay, Moniepoint da na manyan bankuna duk suna ajiye tarihin shige da ficen kuɗi, suna ba ka damar sauke takardar bayanin asusu, wasu har suna haɗa maka jimillar abin da ya shiga da wanda ya fita a wata.

Na biyu, WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018. Tana da tambarin launi da za ka liƙa wa kowace hira: sabon kwastoma, ya biya, bai biya ba. Ka taɓa tambarin “bai biya ba” ka ga duk masu riƙe maka kuɗin ƙwai a jere.

Na uku, shafin Facebook na kasuwanci. Yana nuna mutum nawa suka ga tallarka da garuruwan da mabiyanka suke. In rabinsu a Legas suke, kai kuma kiret goma za ka sayar a Gumel, ka san yawan mabiya bai ƙara maka ciniki ba.

Na huɗu, Google Sheets ko Excel. Su ne mafi muhimmanci, za mu dawo kansu.

Ga inda gizo ke saƙar. Manhajar banki kuɗi take gani, ba ta ganin kaza. Ba ta san mai shayi ya ɗauki kiret biyar bashi ba. Ba ta san tsabar da ka karɓa hannu da hannu ranar Alhamis ba. Ba ta san buhu shida na ajiye a sito ba, ko ƙwan da aka soya wa yara, ko cewa tiransifar jiya ta kuɗin makaranta ce. In ta nuna maka an shigo da ₦400,000 an fitar da ₦350,000, wannan ₦50,000 ɗin ba lallai riba ba ce. Don zanenta ya yi maka amfani, sai ka ware wa gona asusunta daban, kuma duk tiransifar da za ka yi ka cike gurbin bayani da kalma ɗaya: abinci, magani, 'yan tsaki, mota, lebura. In ka ɗebi kuɗin cefane, ka rubuta “gida”. Ba kunya a ciki.

ALƘALUMAN DA MAI KAJIN ƘWAI ZAI RIƘA GANI

Abinci kaɗai na lashe wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon kaji, don haka daga nan lissafi ke farawa. Kaza mai saka ƙwai na cin wajen giram 110 zuwa 120 a rana, ko ta saka ko ba ta saka ba.

Mu buga misali, kai kuma ka sa farashin kasuwarku. Kaji 100, kowace giram 120, kilo 12 ke nan a rana. Mu ɗauka buhu mai kilo 25 ₦15,000 ne, wato kilo ₦600. Abincin rana ɗaya ₦7,200.

In suna ba ka ƙwai 80 a rana, abincin kowane ƙwai ₦90 ne, kiret mai 30 ya tashi ₦2,700. In abinci shi ne kashi 70 na ɗawainiya, ainihin kuɗin kiret wajen ₦3,860. Ka sayar ₦4,500, ribarka wajen ₦640.

In suka sauko ƙwai 60, abincin kowane ƙwai ya koma ₦120, kiret ₦3,600, da sauran ɗawainiya wajen ₦5,140. Ka sayar ₦4,500, ka yi asarar wajen ₦640 a kowane kiret.

Ka lura fa, a rana ta biyun ma kiret biyu ka kwasa, alat ya shigo, ka yi murmushi. Tazarar riba da asara ƙwai 20 ce kawai, kuma ba a rana ɗaya take zuwa ba: yau 78, jibi 75, mako na sama 71. Ido ba ya kama wannan a cikin faranti, amma a zanen layi za ka ga gangarar tun mako na farko. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba.

Siffar layin ma magana take yi. In yana sauka a hankali cikin watanni, yawanci tsufa ne, kuma ranar da layin kuɗin kiret ya haye layin farashin sayarwa, lokacin fitar da tsofaffin kaji ya yi. Da zanen a hannunka za ka iya hango ranar, ka daidaita ta da Sallah. In ya fara sauka a watan Maris ya tsananta a Afrilu da Mayu, zafi ne. Kaza ba ta gumi, kuma a arewacin Jigawa zafin bazara na haura digiri 40, sai ta rage ci, ɓawon ƙwai ya yi laushi. A nan sai ka mayar da ciyarwa sassafe da yamma, ka tsare ruwa mai sanyi. In kuwa layin ya faɗo tashi ɗaya cikin kwana biyu, ka bincika yau ɗin nan: ruwa ya yanke? An canza abinci? Cuta ce? Ko ƙwan ne ke fita ta wata ƙofar?

Sai layin ruwa. Kaza na shan wajen ninki biyu na nauyin abin da ta ci, da zafi ya fi haka. Sau da yawa raguwar shan ruwa ce alamar farko ta rashin lafiya, kafin a ga mai rufe ido. Sai layin mace-mace: ɗaya a mako daban, uku yau biyar gobe daban. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jaji, jihar Kaduna, a Fabrairun 2006, ba ta daina leƙo mu jefi-jefi ba, ga Newcastle da ke yawaita lokacin hunturu. Layi ya miƙe sama, kira likitan dabbobi, kada ka tsaya gwajin magunguna.

MAI BUROLA DA MAI TARWAƊA

Ku naku gejin guda ne: kilo nawa na abinci ke ba da kilo ɗaya na nama. Ka raba nauyin abincin da suka ci da nauyin da suka ƙara, shi ke nan.

A burola, ɗan tsako kan zo da wajen giram 40, kuma a kwana 7 ana son ya ninka nauyinsa sau huɗu ko fiye. In bai kai ba, ka duba ɗumi da ruwa da abincin makon farko. Ka riƙa auna guda 10 duk mako a rana ɗaya. Za ka ga bayan mako 6 layin cin abinci na ci gaba da hawa, na ƙarin nauyi kuwa ya fara lanƙwasa. Mai riƙe burola mako 10 yana jiran farashin Sallah ya fara duba wannan kafin ya yanke shawara.

A tarwaɗa abin ya fi wuya don a cikin ruwa suke, ba ka ganin girmansu. Duk mako biyu ka kamo 20 zuwa 30 ka auna, ka raba ka samu matsakaici. Misali: mutum biyu kowanne ya kwashe kifi kilo 700. Na farko ya ciyar da kilo 910, gejinsa 1.3. Na biyu ya ciyar da kilo 1,190, gejinsa 1.7. Bambancin kilo 280 ne, kusan buhu 19 masu kilo 15. In kilo ₦1,600 ne, ₦448,000 ke nan ta narke a gindin kwami. Kifinsu iri ɗaya, dillalinsu ɗaya, amma ɗaya ya samu ɗaya ya tashi a tutar babu.

Ina abincin ke tafiya? Tarwaɗa ta fi ci da girma a ruwa mai ɗumi, wajen digiri 26 zuwa 30. Da sanyin Disamba da Janairu cinta na raguwa, wanda ya ci gaba da zuba awon da ya saba ruwa yake ciyarwa, ya ɓata kuɗi ya ɓata ruwa. Ga kuma manya na haɗiye ƙanana in ba a tace su ana raba su ba. Kuma a ƙasarmu da ruwan kwami daga rijiyar burtsatse yake fitowa, kuɗin man janareta ko gyaran sola dole ya samu gurbinsa a lissafi.

YADDA ZA KA HAƊA NAKA

Ka buɗe Google Sheets a waya. A layin sama ka jera: kwanan wata, adadin kaji, waɗanda suka mutu, kilon abinci, litar ruwa, ƙwai, fasassu, kuɗin da ya shiga, kuɗin da ya fita, bashi. A gurbi na gaba ka sa lissafin da zai raba ƙwai da adadin kaji ya ninka da 100. In adadin kaji na B, ƙwai na F, ka rubuta =F2/B2*100 ka ja shi ƙasa. Ka zaɓi wannan jerin, ka taɓa alamar +, ka zaɓi Chart, ka ɗauki mai layi. Daga nan duk ranar da ka ƙara lamba cikin jerin, zanen na biye da kai. Ka kunna masa aiki ba intanet, saboda ranar da sabis ya ɗauke.

In yaro ke kula maka da kaji kana wurin aiki ko makaranta, ka haɗa masa tambayoyi biyar a Google Forms. Ya cike da yamma, amsar ta faɗa cikin jadawalinka kai tsaye.

'Yar'uwa mai kaji 30 a bayan ɗaki, ba ki da babbar waya? Ba matsala. Littafin lissafi mai gida-gida na 'yan firamare ya wadatar. Kwanaki a ƙasa, adadin ƙwai a gefe, kullum ɗigo ɗaya, ki haɗa ɗigon da layi. Ki rataye shi a ƙofar akurki. Dabarar da kamfanoni suka biya biliyoyi a kai ke nan: zane a wurin aiki.

Sai shafi na biyu, shafin Alhamis. Duk mako ka rubuta farashin masara, dusa, waken suya, buhun abinci, kiret ɗin ƙwai, kilon tarwaɗa, da canjin sefa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, na fitar da rahoton farashin kayan abinci, amma nata na jiha da ƙasa ne, naka kuwa na kasuwar da kake saye ne. Kowa ya san hatsi na sauka da kaka ya hau da damina. Bayan shekara ɗaya kai za ka san da nawa yake hawa, kuma ko ya isa ya biya kuɗin ajiya da maganin ƙwari. In ku biyar ne a ƙungiya, ku haɗa jadawali ɗaya, nan da zubi biyu za ku gane wane abinci da waɗanne 'yan tsaki ne suka fi karɓar yanayinmu. Ranar da kuma za ku nemi rance a Bankin Manoma, rubutun wata shida ya fi dogon bayani.

HATTARA DA ABUBUWA UKU

Ɗaya: zane ba ya gyara ƙarya. Wanda ya zauna ranar Juma'a ya cike kwana bakwai daga ka, zai samu layi mai kyau da ba ya nufin komai. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan kima ba ta isa ba. Mudu ma ba awo ba ne, don nauyinsa na canzawa da irin abinci. Sayi ƙaramin sikeli tun kafin ka sayi 'yan tsaki.

Biyu: akwai manhajojin kula da gona da yawa masu kyawawan zane. Kafin ka biya ko ka zuba bayananka, ka tambaya: tana aiki ba intanet? Zan iya sauke bayanaina a Excel in na tashi barinta? Wa ke ganin su? Kamfanonin manhaja na buɗewa suna rufewa, kada rubutun shekara biyu ya bi su.

Uku: alƙaluman cinikinka dukiya ce. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da hukumar NDPC mai kula da ita, amma tsaron farko naka ne. Manhajar lissafin ƙwai da ke neman lambobin cikin wayarka da hotunanka, ka tambayi kanka me za ta yi da su. Lambar sirri da lambar da banki ke turo maka ta saƙo kuwa, ba a ba kowa.

Aikin gida: daga gobe da safe, kwana 14 a jere, rubuta abu huɗu kawai, wato abinci, ruwa, ƙwai ko nauyi, da mace-mace. Minti uku ya isa. Ranar ta 15 ka zana layin, ka fitar da kuɗin kiret ɗinka ko na kilonka, ka ɗora shi kusa da farashin da kake sayarwa. In akwai tazara, alhamdu lillahi, ka san abin da za ka tsare. In babu, gara ka sani yanzu da sauran jari a hannu. Mai shirin farawa kuma, ka buga wannan lissafin a takarda da farashin wannan Alhamis ɗin kafin ka biya kuɗin ko ɗan tsako ɗaya.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu ciniki mai amfani. Amin.